Daren da Wata Ya Ƙi Yin Fari

A gidanmu na ƙauye, can bayan Balan, ba a jiran dare ya yi nisa kafin a yi tatsuniya. Iya, mahaifiyar Babanmu, ba ta da wannan haƙurin. Da an idar da sallar magariba za ta jawo tabarmarta ƙofar ɗaki, ta tura kara biyu uku cikin kaskon wuta, ta ce mai so ya zo, wanda ba ya so kuma kada ya tare ta gobe yana tambayar yadda aka ƙare. Kafin a kira isha'i ta gama, ta kakkaɓe zaninta ta kore mu. Ita ba irin kakannin nan ba ce masu lallaɓa yaro. Idan ka yi gyangyaɗi a tsakiyar labari, da maficinta za ta tashe ka.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gida Ummi ake kira na, tunda Baba ba zai iya buɗe baki ya ambaci sunan mahaifiyarsa ba. Ita ma ba ta kiran nasa, don shi ne ɗanta na fari. In tana neman sa sai ta ce, "Kai, Baban Ummi." Ni kuwa Takwara take ce mini, kuma kullum cikin ƙorafi take wai an cuce ta da aka ba ta takwara mai kunnen ƙashi. Ni ma ba na raga mata. Nakan ce ai halinta na ɗauko, ta kawo mini duka in goce. Ina son ta fiye da yadda zan iya faɗa a lokacin, ina kuma tsoron ta daidai da haka.

Iya 'yar Toranke ce. Ranar da aka kawo ta gidan kakanmu, cikin kayanta har da zangarniyar dawa ɗaure a tsumma, irin wadda ake nomawa a gidansu. Fara ce sol, ƙwayarta manya-manya, karanta da zaƙi, tuwonta kuma ko ya kwana ba ya saki. Aibinta ɗaya ne, tana daɗewa ba ta nuna ba. Da damina ta fara gajarta sai kowa ya koma irin da ke saurin nuna. Iya ce kaɗai ta kafe. Duk shekara sai Baba ya bar mata kunya shida a bakin gonarmu ta gabas, yana mita tana yi kamar ba ta ji. A gida muna ce wa dawar 'yar Toranke.

Shekarar da nake ba da labari ina da shekara tara ko goma. An yanke dawa, an ɗaure, an jera dammuna a gona ana jiran jakin da za a ara a kwaso. Tsuntsaye sun yi wa kunyoyin Iya ɓarna a wannan shekarar, abin da ta samu bai wuce dami ɗaya ba. Da hannunta ta ɗaure shi, ta sa aka jingine shi a gindin marke, can gefe, don kada masu kwasa su haɗa shi da sauran. A gida babu ko ƙwaya ɗaya, wadda ta rage bara an shuka ta. Irin da za a shuka baɗi duk yana cikin wannan damin.

A wajenmu akwai doka, kuma kowane yaro ya san ta tun kafin ya iya riƙe fartanya. Daga ranar da aka fara yanka har ranar da dami na ƙarshe ya shiga rumbu, ba a kunna wuta a gona. Idan ya zama dole, sai ka tona rami ka yi wutarka a ciki. In ka gama ka rufe da ƙasa, sannan ka cire takalmi ka hau ka tsaya. Sai tafin ƙafarka ya shaida wuta ta mutu kafin ka juya baya. In aka tambaye ka, "Ka taka?" to abin da ake nufi ke nan.

Ran nan bayan la'asar muka tafi kalar gyaɗa ni da Rakiya, 'yar maƙwabtanmu, a gonar da ke manne da tamu. Na zari ashana uku a madafa ba wanda ya gani. Muka tona rami a bayan tarin harawa, muka gasa gyaɗar da muka samu, muka ci har bakinmu ya yi baƙi. Rakiya ta riga ni tafiya don ita ke ɗora sanwa a gidansu. Tana tafiya tana waiwaye tana cewa, "Ummi, ki taka fa!"

Na ce zan taka. Amma a ƙafata akwai sabon takalmin roba, kore, da Baba ya sayo mini a kasuwar Gaya, kwana biyu ke nan da na fara sawa. Maɓallinsa tauri gare shi, in na kwance sai na sha wahala kafin in mayar, ga shi ba na son in sa ƙafa mai toka a cikinsa. Na tura ƙasa na rufe ramin, na hau da takalmina na tsaya. Ban ji komai ba, na ɗauki kwaryata na tafi.

Na kusa gida tsakuwa ta shiga mini takalmi, na tsaya na ɗaga ƙafa in girgiza ta. A nan na ga ƙasan takalmin ya ɗan narke, har ƙasa ta manne a wurin. Na waiwaya, rana ta kusa faɗuwa, gona kuma da nisa, bayan tudu da fadama. Na ce wa kaina ai ƙasa za ta ƙarasa kashe ta. Na shiga gida na tura takalmin ƙarƙashin gado, na wanke bakina sau biyu.

Daren sha biyar ga wata ne, sama a wanke, babu gajimare ko na magani. Iya ta hura kaskonta muka kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Ta buga mafici a tabarma ta ce, "Na taho da kaya daga nesa, ina zan sauke?"

Muka ce, "Sauke nan, Iya, mu taya ki kwancewa."

Daidai lokacin wata ya leƙo ta kan katangar gabas, ƙato, jawur kamar an tsoma shi a manja. Ƙanina ya nuna shi da yatsa. Iya ta ce, "Yauwa, ga mai labarin ma ya zo da kansa." Sai ta ɗauko tatsuniyar rigar wata, wadda na riga na ji sau uku ko huɗu.

Wani mai gari ne, in ji ta, da ba ya ganin riga a jikin wani ya yi barci. Duk rigar da ta burge shi sai ta kwana a adakarsa. Wata rana yana zaune a ƙofar gida ya ga wata ya fito da jar riga. Ya shiga ya ci tuwo ya fito, ya ga watan ya hau sama da fara. Ya ce ashe haka ne, ashe a bayan dutse yake tuɓe jar ya ajiye. Ya tara mutanensa ya ce su je su ɗauko masa ita kafin mai ita ya dawo. Suka yi gabas, suka isa bayan dutse, babu riga. Da magariba wata ya fito ta bayan wani dutsen, da jar rigarsa. Suka bi, ya sake fitowa gaba. Haka suka yi ta tafiya har takalmansu suka ƙare.

Da ta ambaci takalma sai na tuna da nawa a ƙarƙashin gado. Na tura ƙafafuna ƙarƙashin zani.

Iya tana da ma'auninta, mu duka mun san shi. A gabashin gidanmu akwai wani dogon rimi. Takan ce wata yana fitowa da kalar manja, in ya kai rabin rimi ya koma man shanu, in ya dafa kan rimi ya zama nono. Tana cikin labarin mutanen mai gari sai na ga ta dakata, ta ɗaga kai. Wata ya wuce rabin rimi, kuma jansa yana nan, sai ma ƙara duhu da ya yi.

Ta shaƙi iska, amma hayaƙin kaskonmu ya cika tsakar gida, ba za ka bambance wani ƙauri ba. Ta miƙe da ƙyar ta taka zuwa bakin katanga, ta daɗe tana kallon gabas. Babu hasken wuta, tudu ya tare komai. Ta dawo ta ce, "Kai, Baban Ummi, fito ka ga."

Baba ya fito daga zaure yana dafe da ƙugu. Tun asuba yake ɗaurin dawa, tuwon ma da ƙyar ya ci. Iya ta nuna masa sama da mafici.

"Watan nan bai wanke ba. Akwai hayaƙi tsakaninmu da shi."

"Iya, na ruga ne," in ji Baba. "Yanzu ne suke yi wa shanu hayaƙi saboda sauro."

"Ruga tana arewa. Ka taɓa ganin wata ya fito ta arewa?"

"To iska ce ta kwaso shi."

"Wace iskar? Dubi harshen wutar nan, ko motsi ba ya yi."

Baba ya sake kallon watan. Na ga ya ɗan damu, amma gajiya ta fi ƙarfinsa. Ya ce, "Wa zai kunna wuta a gona yanzu, Iya? Dawar kowa tana waje. Ni da kaina na baro can bayan azahar, ba kowa. Bari in yi isha'i, in bai sauya ba na hau keke in duba." Ya koma zaure.

Iya ta zauna, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Cikinku wa ya je gabas yau?"

Ƙanina ya ce, "Yaya Ummi ta je kala."

"Takwara, kin ga wuta a can?"

Rakiya ba ta zo tatsuniya ba a daren, babu mai ƙaryata ni. Na ji muryata ta ce, "A'a."

Har yau ina jin wannan a'ar a kunnena. Ba shiri na yi ba, fitowa ta yi kawai. Ina tsoron bulalar Baba, ina tsoron a ƙwace takalmin, amma abin da na fi tsoro shi ne Iya ta san cewa ni, mai sunanta, na kunna wuta taku kaɗan daga daminta. Ta ɗan daɗe tana kallona, sannan ta gyara zama ta ci gaba da labari. Muryarta ta sauya, ta daina kwaikwayon tafiyar mutanen mai gari da take yi muna dariya.

Ni kuma na shiga ciniki da kaina. Na ce idan wata ya kai wancan reshen ya yi fari, shi ke nan, wutar ta mutu, ba wanda zai taɓa sani. Ya kai reshen bai yi fari ba. Na ce to reshe na gaba. Ina kallon sa ina roƙon Allah a zuci, gumi yana bin bayana ga sanyin kaka.

Mutanen mai gari duk suka gaji suka koma, in ji Iya, sai wata mata mai sayar da itace da ta bi su don ta yi musu girki. Ita ta ce ba za ta ƙara bin bayan dutse ba, hawa za ta yi. Ta kama dutse mafi tsawo ta yi ta hawa, kwana da kwanaki, har ta waiwayo ta ga garinsu can ƙasa, hayaƙin murahu ya kwanta a kansa kamar mayafi. Da magariba wata ya fito, sai ga shi da farar riga tun daga farko. Ta gaishe shi, ta ce mai gari ne ya aiko a karɓo jar. Wata ya yi dariya ya ce, "Baiwar Allah, ni rigata ɗaya ce tun da aka halicce ni. Iskar da kuke shaƙa ce ke rina ni. In ina ƙasa-ƙasa, ta cikinta nake leƙo ku, ga ta da yawa, ga hayaƙinku a ciki, sai ku gan ni ja. In na hau na bar ta a ƙasa, sai ku gan ni yadda nake."

Na san abin da ke biyo baya. Matar za ta koma ta faɗa, mai gari zai ce ƙarya ne, za a kashe duk wutar gari dare ɗaya don a gwada, ya kwana da yunwa saboda riga, mu kuma mu yi ta dariya. Amma a wannan daren Iya ba ta sauko da matar daga dutse ba. Ta bar ta a can, ta ƙara wa wata maganar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Sai wata ya ce mata, 'Amma in kuka ga na hau sama ban bar ja ba, kada ku tambaye ni. Ni ban ƙona komai ba. Wani ne a cikinku ya sani, kuma yana zaune yana kallo na.'"

Nan ta tsayar da labarin. Ba ta kalle ni ba, wutar kasko take kallo. Na ɗaga kai, wata ya dafa kan rimi, jawur, gefensa har ya yi baƙi-baƙi. A masallaci aka fara kiran isha'i.

Na ce, "Iya."

Ta ƙara tura kara cikin wuta.

"Iya, da takalmi na taka."

A garinmu wannan maganar ba ta buƙatar ƙarin bayani. Iya ba ta tambaye ni wace wuta ba, ba ta tambaye ni me ya sa ba. Abu ɗaya ta tambaya, "A ina?"

"Bayan harawa, kusa da marke."

Sai ta miƙe ba tare da dafa ƙasa ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta buɗe murya ta ce, "Haruna!"

Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba sai ranar. Shi ma ina jin bai taɓa ji ba, don da butar alwala a hannunsa ya faɗo tsakar gida. Ta ce, "Gonar gabas, bayan harawa. Ku yi sallar a can." Ya jefar da buta, ya fita yana kiran maƙwabta. Muka ji ƙarar kekuna, da gudun mutane, da ƙarar karyar rassan darbejiya da za su doki wutar da su. Aka kwashe yara aka kai ɗaki. Ni ba wanda ya ce in tashi, ban kuma iya tashi ba.

Muka rage ni da Iya a kan tabarma. Ta ɗebo ƙasa ta kashe kaskonta, ta yi sallarta a nan gefe, ta dawo ta zauna tana jan carbi. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba mu da wata hanyar sanin abin da ke faruwa bayan tudu sai watan nan, don haka shi muka zuba wa ido mu biyu.

Da farko ƙara muni ya yi. Wani baƙin abu ya taso ya rufe rabinsa, har ya koma kamar garwashin da ke shirin mutuwa. Na fashe da kuka. Iya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sun isa. Duka suke yi, shi ya sa hayaƙin ya ƙaru." Muka ci gaba da kallo. Can baƙin ya fara yayewa, jan ya fara sakin jiki. Ya koma ruwan goro, ya daɗe a haka har na fid da rai. Sannan a hankali ya koma man shanu. Da ya yi fari sosai har inuwar katanga ta fito a ƙasa, Iya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, sun kashe ta." Abin da wata bai iya gaya mana ba shi ne me ta ci kafin ta mutu.

Baba ya dawo yana tura keke, rigarsa duk huji, gashin girarsa ya babbake. Ya jingine keken ya durƙusa gaban Iya. Ya ce wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin harawa, sai da ta cinye tarin sannan ta bi busasshiyar ciyawar iyaka. Ya ce dawar gida ta tsira, ta maƙwabta ma ta tsira, ko dami ɗaya cikinsu wuta ba ta taɓa ba.

Iya ta ce, "Tawa fa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Iya, muna hawa tudu muka hango daminki yana kamawa. Da mun riga haka da ɗan kaɗan." Bai ƙarasa ba. Ya cire hularsa ya miƙa mata, a ciki akwai zangarniya huɗu ko biyar, baƙi ƙirin.

Ba sai an yi mini lissafi ba. Ɗan kaɗan ɗin nan na san tsawonsa. Daga a'ar da na ce ne zuwa lokacin da na buɗe baki, tsawon rabin tatsuniya.

Iya ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hure. Ƙwayoyin sun gasu, wasu har sun fashe. Ta jefa biyu a baki ta tauna a hankali. Sannan ta kamo hannuna ta zuba mini sauran ta ce, "Ci, Takwara. Ba za ki ƙara samun ta ba." Na ci ina kuka, kuma wallahi da daɗi, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Baba bai doke ni ba, a daren ko bayansa. Da damina ta zo Iya ta zaɓi ƙwayoyin da ba su yi baƙi sosai ba ta shuka a bayan ɗakinta, tana zuba musu ruwan alwala. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarfinta ya ƙare, amma ba ta sake ɗauko ta rigar wata ba, mu ma ba wanda ya roƙa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ta ci gaba da kawo mini duka da mafici ina gocewa, kamar ba abin da ya faru.

Bayan shekaru, ina sakandare a Gaya, malamin kimiyya ya zana mana duniya a allo, ya kewaye ta da da'ira ya ce wannan ita ce iskar da ta lulluɓe mu. Ya ce hasken da muke gani fari launuka ne a haɗe, kuma iska tana warwatsa shuɗin cikinsa ta bar jan ya wuce. Idan wata yana ƙasa, haskensa yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso idonmu, shi ya sa yake ja. In ya hau, hanyar ta gajarta, sai ya yi fari. In kuwa akwai hayaƙi, to ko ya hau jan ba ya barin sa. 'Yan aji suna ta rubutawa, ni na ajiye biro. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga ta gaya mini wannan, ta kuma auna shi da rimi.

Wannan ɓangaren bai yi mini wuyar ganewa ba. Wanda ya ɗauke ni shekaru shi ne ɗayan. Na daɗe ina ɗauka laifina shi ne wutar, ko takalmin. Sai da na girma, na haifi nawa, na gane cewa wuta kowane yaro yana iya kunna ta, Rakiya ma ai tare muka kunna. Abin da ya ƙone damin Iya shirun da na yi ne bayan an tambaye ni. Shi ya sa a gidana na kafa doka, duk wanda ya yi ɓarna ya faɗa da bakinsa kafin a gano, ba na dukan sa. Mijina yana cewa ina lalata yara. Ina barin sa ya faɗa, don shi bai zauna a kan tabarmar nan ba.

Iya ta rasu ina da cikin ɗana na biyu. Bayan shekara biyu wani biki ya kai ni Toranke, sai na saci jiki na bar mata a gidan biki, na shiga gari ina tambaya gida-gida ko akwai mai sauran farar dawar nan ta da, mai zaƙin kara. Matasa ba su ma san ta ba. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani tsoho da ke zaune a gindin bishiya yana tufka igiya. Na kwatanta masa ita, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Kai, 'yar nan, kin tuna mini da nisa. Mu nan mun daɗe da rabuwa da ita. Amma kada ki fid da rai. Akwai wata 'yar garin nan da aka kai aure wajen Balan, na ji an ce ita ba ta taɓa yarda ta bar ta ba. Ki je can ki tambayi jikokinta, ba za a rasa ba."

Na ce masa na gode, zan tambaya.